Yayata ta yi tiyatar rage ƙiba, yanzu ana maganar sake yi mata wata: me ke jawo haka?

Ƙanwar mai jinya, daga Kaduna:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da kuma duk wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki. Shekara huɗu da suka wuce yayata ta je Alƙahira aka yi mata tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake yanke mafi yawan tumbi a bar ɗan siriri, wadda likitoci ke kira silif. A lokacin nauyinta ya haura kilo 130, tana fama da hawan jini, gwiwoyinta kuma ba sa barinta ta yi salla a tsaye. Cikin shekara ɗaya da rabi ta sauke kusan kilo 45, ta koma yin sallarta a tsaye, likitan da ke duba ta ya rage mata maganin hawan jini, kowa a gida ya yi murna.

Daga bara ne al'amura suka fara sauyawa. Ƙwannafi ya matsa mata, musamman da dare, har ta kai sai ta jingina da matasai uku sannan take iya barci, wani lokacin kuma ta farka a firgice tana tari, ruwa mai tsami ya taso mata har hanci. Tana shan maganin ƙwannafi omifirazol kowace safiya amma ba ya riƙe ta zuwa dare, saboda haka ta koma ajiye madara mai sanyi da yogot a gefen gado, in abin ya yi tsanani ta haɗa da jiƙon kanwa. Ga shi kuma nauyin ya soma dawowa, ta ƙara kamar kilo 15. Mutumin da ya haɗa ta da asibitin can ya ce ta koma a mayar da aikin baifas, wato wata irin tiyatar rage ƙiba da ake haɗa saman tumbi kai tsaye da ƙaramin hanji, har ya turo farashi. Mijinta kuwa cewa ya yi ita ta ɓata aikin da bakinta, kuma bai ga dalilin sake kashe kuɗi a kan abin da aka riga aka yi ba.

Abin da nake son sani shi ne: me ke sa mutane komawa a sake yi musu tiyata bayan ta farko? Aikin ne bai yi kyau ba tun asali, ko kuwa laifin mai jinya ne kamar yadda mijinta yake cewa? Kuma haɗarin ta biyun daidai yake da na ta farkon?

Likitan tiyata:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ba zan iya yanke hukunci a kan mutumin da ban duba ba, amma zan iya bayyana yadda abin yake a wajen masu wannan aiki.

Da farko ki sani cewa komawa tiyata bayan ta farko sanannen abu ne a wannan fanni, kuma ba lallai ne ya zama wani ya yi sakaci ba. Dalilan da ke dawo da mutane kan gadon tiyata kusan duk suna komawa ga ɗaya cikin biyu: ko dai aikin farko ya haifar da wata matsala a jiki, ko kuma bai biya buƙatar da aka yi shi dominta ba, wato nauyin bai sauka yadda ake so ba, ko ya sauka ya dawo, wani lokacin tare da ciwon suga ko hawan jinin da suka lafa. Yayarki tana da alamun duka biyun, amma a ganina ƙwannafin ne ya fi cancantar a fara duba shi.

A aikin silif ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, abin da ya rage ya zama dogon bututu matsattse. Tumbi na asali yana buɗewa ya karɓi abinci ba tare da matsin da ke cikinsa ya tashi sosai ba. Matsattsen bututu ba shi da wannan hali, don haka da zarar abinci ya shiga sai matsi ya ƙaru, ruwan asid ya nemi hanyar da ta fi sauƙi, wato sama. Bugu da ƙari, yankan yana iya taɓa zaren tsokar da ke taimakawa wajen rufe ƙofar da ke tsakanin tumbi da bututun abinci. A wasu mutanen saman tumbin yakan zarce cikin ƙirji ta ramin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, a wasu kuma bututun yakan ƙuntace ko ya murɗe a tsakiyarsa. Duk waɗannan matsaloli ne na siffar abin da aka ɗinka, kuma babu irin kame bakin da zai gyara su.

An auna yawan faruwar hakan. Wani bincike da aka yi a Suwizalan mai suna SM-BOSS, wanda sakamakonsa na shekara biyar ya fito a 2018, ya nuna cewa ƙwannafi ya ƙara tsananta ga kusan kashi 32 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa silif, alhali a cikin masu baifas kusan kashi 6 ne kawai. Wani kuma na ƙasar Finlan mai suna SLEEVEPASS, da ya bi mutane har shekara goma ya fitar da sakamako a 2022, ya sami kumburin bututun abinci ga kashi 31 na masu silif da kashi 7 na masu baifas. Saboda haka ƙwannafin da ya gagari magani yana cikin manyan dalilan da ke sa a mayar da silif baifas. A baifas ana ware ɗan ƙaramin aljihu daga saman tumbi, wanda bai wuce cin cokali biyu ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Aljihun ba ya samar da asid mai yawa, ruwan matsarmama kuma an kawar da hanyarsa can ƙasa, shi ya sa mafi yawan masu wannan matsala suke samun sauƙi. Abin da ya sa ba ma son a bar shi haka shi ne, asid ɗin da ya daɗe yana ƙona bututun abinci yakan sauya fatar cikinsa zuwa wani yanayi da ake kira Baret, wanda a ƙalilan daga cikin masu shi yakan kai ga cutar daji. Tasowar ruwa cikin barci ma yana iya shiga huhu.

Batun nauyi kuma ya fi sarƙaƙiya. Yawancin mutane suna kaiwa mafi ƙarancin nauyinsu tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu bayan aiki, daga nan sai a ga ɗan ƙari, kuma wannan ba a ɗaukarsa gazawa. Jikin da ya yi asarar kitse mai yawa yakan rage ƙona abinci ya kuma ƙara jin yunwa. Ban da haka, bututun yana iya buɗewa da tafiyar lokaci, ko kuma ya zama tun farko an bar wani ɓangare na saman tumbi, inda aka fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa. Wadda ta sauke kilo 45 ta maido 15 har yanzu tana riƙe da kashi biyu cikin uku na abin da ta samu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gwiwoyinta da zuciyarta.

Game da haɗari, ta biyu ta fi ta farko. Cikin da aka taɓa shiga yakan yi tabon da ke manne kayan ciki da juna, naman da aka taɓa yankawa bai kai sabo samun jini ba, don haka yiwuwar ɗinki ya yi yoyo ko a yi zubar jini ta fi yawa, aikin kuma ya fi ɗaukar lokaci. Wannan ne ya sa ban yarda a tsayar da irin aikin da za a yi ta wayar tarho ba. Kafin maganar farashi, sai an saka mata kyamara ta baki an leƙa bututun abinci da tumbin, an ba ta farin ruwan nan ta sha an ɗauki hoto don a ga siffar bututun, an kuma yi gwajin jini. Ta bar jiƙon kanwa tun yanzu, domin gishirin da ke cikinsa bai dace da mai hawan jini ba.

Wani magidanci daga Kano:

'Yar'uwa, Allah Ya ba yayarki lafiya. Likita ya yi bayanin da ya fi nawa, ni abin da ya same ni kawai zan faɗa, ko da yake aikina na farko ba irin nata ba ne.

Ni zobe aka saka mini a Indiya, a zamanin da ake yayinsa. Zobe ne na roba da ake ɗaurawa a saman tumbi, yana da siririn tiyo da ya zo har ƙarƙashin fatar ciki, inda likita ke soka allura ya ƙara ruwa ko ya rage don ya matse ko ya sassauta. An gaya mini cewa shi ne mafi sauƙi tunda ba a yanke komai, kuma ana iya cire shi. Abin da ban auna ba shi ne, zoben yana buƙatar mai daidaita shi a kai a kai, ni kuwa na dawo gida inda samun wanda ya saba da shi ke da wuya. Na yi shekaru nama ba ya wuce mini. In na ci tsire yanka biyu sai in ji ya tsaya a ƙirji, yawu ya cika mini baki, in tashi daga cikin mutane in je bayan gida in amayar. Amma shayi mai madara da biskit da lemon kwalba suna wucewa salin alin, don haka a kansu na koma rayuwa, ƙibar kuma ta dawo har ta zarce ta da. Daga ƙarshe wata rana ko ruwa ya ƙi wucewa, aka yi hoto aka ga zoben ya zame, tumbin ya kumbura ta samansa. Da gaggawa aka cire shi, bayan wasu watanni da wurin ya warke aka yi mini baifas.

Likitan da ya cire mini ya ce irina suna da yawa, kuma asibitoci da dama sun daina saka zoben saboda yawan waɗanda ke dawowa, wasu ya zame musu, wasu ya ci naman tumbin ya shige ciki, wasu tiyon ya tsinke. Tun da aka yi mini na biyun ban sake yin aman nan ba, sugana ma ya daidaita. Don haka ni dai shawarata kada tsoron aiki na biyu ya sa ku bar ta tana wahala, in dai likita ya duba ya ce shi ne mafita. Shi kuma maigidanta a bi shi a hankali a fahimtar da shi. Wanda bai taɓa kwana a zaune saboda wuta na cin ƙirjinsa ba, zai yi masa sauƙi ya ce kwaɗayi ne. Ni ma an faɗa mini haka a gidanmu, kuma maganar ta fi aman ciwo.

Abu ɗaya da nake so ku yi tun yau: ku nemi takardar bayanin aikin da aka yi mata daga asibitin farko. Tawa ba a ba ni ba, ban kuma nema ba, sai da likita na biyu ya shiga ciki sannan ya san irin zoben da ke jikina.

Jami'ar kula da abincin marasa lafiya:

Ina goyon bayan Alhaji a kan takardu da kuma batun zargi, amma ina so in ɗan ja masa birki a wuri guda. Sauƙin da ya samu gaskiya ne, sai dai baifas yana zuwa da nasa sharuɗɗan, kuma shi ma akwai masu komawa a gyara musu shi.

'Yar'uwa, ki sake karanta abin da kika rubuta game da madara da yogot a gefen gado. A wurina nan ne ƙwannafin da ƙarin nauyin suka haɗu. Mai ƙwannafi yakan guji nama da ganye da duk abin da ke zama a ciki, ya koma ga abin da ke sanyaya ƙirji nan take: madara, yogot mai zaƙi, kunu da suga, fura da nono, shayi mai kauri. Tiyatar tana rage yawan abinci mai tauri da mutum zai iya ci a zama ɗaya, amma ba ta da iko a kan abin da ake kurɓa. Kofi ɗaya da tsakar dare, wani da asuba, wani da hantsi, sai ka ga mutum ya sha abin da ya fi kwanon tuwo ƙarfi, alhali shi a ransa bai ci komai ba. Madarar ma sauƙinta na ɗan lokaci ne, tunda kwanciya da cikakken tumbi ita ce ke sake tayar da ruwan. Ke nan mai yiwuwa ne mijin ya ga wani abu na gaskiya, wato tana shigar da abin da ke ƙara mata nauyi, amma bai ga abin da ke tura ta ga hakan ba. Ki sa ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta na mako guda, har da na sha da lokacinsa, ta tafi da takardar wurin likita. Ta kuma daina cin komai awa uku kafin kwanciya, a ɗaga gadon ta wajen kai ta hanyar sa wani abu a ƙarƙashin ƙafafunsa na wannan ɓangaren, domin tara matasai yakan lanƙwasa mutum ya ƙara matse cikin.

In har aka kai ga baifas, ta shiga da sanin cewa abinci zai daina bi ta farkon ƙaramin hanji, inda jiki ya fi tsotsar sinadarin ayan da kalsiyam, kuma bitamin B12 ma zai ragu. Shan ƙwayoyin bitamin da gwajin jini lokaci-lokaci sun zama na har abada. Na ga matan da suka watsar da su bayan shekara ɗaya don sun ji garau, suka dawo da ƙarancin jini da zubewar gashi da jin ƙafafu suna dindiris. Akwai kuma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikilofenak, waɗanda mutanenmu ke saya a kemis ba tare da takarda ba, musamman masu ciwon gwiwa irin yayarki. Ga mai baifas suna iya haddasa gyambo a daidai mahaɗar aljihun da hanji, haka ma sigari da shisha, kuma gyambon da ya ƙi warkewa ko ya huda yana cikin abubuwan da ke mayar da mutum tiyata. Wasu kuma in sun sha zaƙi sai zufa ta karyo musu, zuciya ta riƙa bugawa, jiri ya kama su, ko kuma bayan awa ɗaya zuwa uku sugan jininsu ya faɗi. Yawanci gyaran cin abinci yana magance wannan, ƙalilan ne yake kai su ga wani aikin. In tana da niyyar ƙara haihuwa, ana son a jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata 12 zuwa 18 bayan aikin.

Ƙanwar mai jinya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Malama, kin faɗi gaskiya a kan daikilofenak, kusan kullum tana shansa saboda gwiwa, kuma ban taɓa kawo shi cikin lissafi ba. Likita, ina da sauran tambaya biyu. Wata ƙawarta ta ce maimakon tiyata ta gwada allurar nan ta Ozempic da ake sha'awa yanzu. Shin za ta iya maye gurbin aikin? Sannan in ya zama dole a yi, gara ta koma inda aka yi na farko ko a nemi wani wuri?

Likitan tiyata:

Daikilofenak ɗin kansa yana iya ƙara mata ƙunar cikin, don haka ta gaya wa likitanta ya sauya mata wani abu, ya kuma sake duba yawan omifirazol ɗin da lokacin shansa, domin an fi son a sha shi kamar rabin awa kafin cin abinci, kuma akan ƙara na yamma ga wanda dare ne ya fi damunsa.

Allurar da ƙawarta ta ambata sinadarin semagulutayid ne. Ozempic sunan da ake sayar da shi ne don ciwon suga, Wegovy kuma shi ne wanda Amurka ta amince da shi don rage ƙiba a 2021, akwai kuma wani sinadarin daban da aka fi sani da Mounjaro. Likitoci suna amfani da su ga waɗanda nauyi ya dawo musu bayan tiyata, kuma sun sa wasu ba su buƙaci aiki na biyu ba. Amma maganin nauyi ne. Ba za su miƙe bututun da ya murɗe ba, ba za su dawo da tumbin da ya zarce ƙirji ba, kuma da yake suna jinkirta fitar abinci daga tumbi, suna iya ƙara wa wasu ƙwannafi da tashin zuciya. In aka daina su nauyin yakan dawo, ga tsada, ga jabu a kasuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan jabun Ozempic a 2024. Kada ta karɓa daga hannun ƙawa ko mai talla a intanet.

Game da inda za a yi, ni ba ƙasar nake dubawa ba. Ku tambayi likitan da kansa, ba dillali ba, ko ya saba yin aikin gyara, domin ƙwarewarsa daban take da ta aikin farko. Ku tambaye shi wane irin baifas yake nufi, saboda iri biyu ne. Akwai mai mahaɗa biyu, wanda shi na bayyana a sama, akwai kuma mai mahaɗa ɗaya da ake kira mini, wanda ya fi saurin yi amma yana iya barin ruwan matsarmama ya taso, kuma ga wadda ƙwannafi ne babbar matsalarta yawancin likitoci mai mahaɗa biyun suke zaɓa. Ku kuma sani cewa mayar da silif baifas ya fi tabbas wajen maganin ƙwannafi fiye da wajen rage nauyi. Abin da ake saukewa a karo na biyu yawanci bai kai na farko ba, ayyukan da suka fi shi sauke nauyi kuma sun fi shi jawo ƙarancin abinci mai gina jiki. Idan gwaji ya nuna zarcewar tumbi ce kaɗai, wani lokacin gyara ramin ya isa.

Ko a ina aka yi, a tanadi likitan da zai ci gaba da duba ta a gida kafin ta tafi, kuma kada ta hau jirgi sai wanda ya yi aikin ya sallame ta, tunda yoyon ɗinki yakan bayyana ne a kwanakin farko. Kafin nan, idan ta fara aman da ba ya tsayawa, ko abinci ya ƙi wucewa, ko ta ga jini a amai ko baƙin bayan gida, a kai ta asibiti a ranar, a kuma gaya wa likitan da ya karɓe ta cewa an taɓa yi mata silif, domin mai yawan amai bayan irin wannan aiki ana ba shi bitamin B1 kafin a ɗaura masa ruwan suga.